Tsanin Yaya Ɗanjuma

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Yaya Ɗanjuma mai gyaran wuta ya san abin da ke biyo baya: kafin ka kai bakin titi ka fara susa. Shi kansa ban taɓa ganin ya kai ƙarshen gaisuwa hannunsa bai koma kan damtse ba. "Ina gajiya?" ya sosa. "Ya iyali?" ya ƙara sosawa. Ni ƙaninsa ne ciki ɗaya, sana'ata fenti, kuma na fi kowa shan wannan azaba.

Ba cuta ba ce, tsaninsa ne. Tsohon tsani na faiba, ruwan ɗorawa, irin wanda masu aikin lantarki ke so saboda wuta ba ta binsa. Rana da ruwan sama sun cinye masa fata, sai zaren gilashin ciki ya fito, siriri, ido ba ya gani amma jiki na ji. Ƙaiƙayinsa ko ƙarara albarka!

Shekarar da daji ya ƙi zaunuwa muka baro ƙauyenmu na yankin Kazage, kowa ya ɗauki abin da zai ci ko abin da zai kwanta a kai. Yaya tsani ya ɗora a ka. Da muka sami ɗakin haya a Birnin Gwari na ce masa, "Yaya, kawo in wanke shi, in goge da sanfefa, in shafa masa banish. Kwana uku ƙaiƙayin ya mutu."

Ya harare ni. "Ɗan gudun hijira yana kwalliya? Ranar da za mu koma gida ka shafa. Kafin nan kada ka taɓa min shi."

Na ɗauka zancen mako biyu ne. Shi ma haka ya ɗauka, na sani.

Kun tuna maƙwabcinmu Alhaji Sale mai shago? Wata rana Yaya ya tafi masallaci, Alhaji ya shigo ya saɓi tsanin ba sallama, zai gyara kwanon shagonsa, daga shi sai singileti. Kafin la'asar sai ga shi afujajan, wuya da kafaɗa sun yi jajir, yana susa da hannu bibbiyu.

"Malam Ɗanjuma, don girman Allah ka warware min! Wallahi aro na yi, ba sata ba!"

Yaya ya gyara zama, ya ce, "Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Amma tun da ka amsa laifinka, kawo salatif da ruwan randa."

Ya dinga manna masa salatif yana ɓantarewa, bakinsa na motsi kamar mai tofi, sannan ya sa shi ya watsa ruwan sanyi. Alhaji ya ji sauƙi, ya tafi yana zuba godiya. Na ce, "Yaya, wace addu'a ce wannan?"

"Wace addu'a? Kayan miyan da uwargida Asabe ta aike ni nake maimaitawa kar in manta."

Daga ranar unguwa ta ɗauka an ɗaure tsanin. A waje yake kwana ba sarƙa ba kwaɗo, ko akuya ba ta goga jikinta da shi.

Asabe matarsa ce ta gaji. Ta ce ba za ta sake haɗa wankinsa da na kowa ba, gida duk ya zama na masu ƙazuwa. Na sake kawo zancen banish, ya ce ai ya yi magana, kuma bai iya lashe amansa ba. Washegari sai na tarar da shi da ƙoƙon man kaɗe, yana mulke tsanin tun daga sama har ƙasa, har da matakala.

"Yaya, ba ka ce ba kwalliya ba?"

"Wannan magani ne. Fatar mutum in ta yi kaushi me ake shafa mata?"

Da rana tsaka ya jingina shi a gidan wani malamin makaranta. Ya hau mataki na biyar lafiya, a na shida sai ga shi sululu har ƙasa, ya zauna daɓas a cikin kwandon tattasai da aka shanya. Matar gidan ta ɗora hannu a ka tana salati. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Saukowa na yi, sauri nake."

Haka muka yi ta dariya shekara bayan shekara, amma ni na san abin da ke ƙasan taurin kan. Duk mutumin wajenmu da ya shigo kasuwa, sai Yaya ya ja shi gefe: hanya fa? An fara shuka? Rufin ɗakina na nan? In amsar ba ta yi daɗi ba, sai ya ci gaba da susa.

Bara da damina ta kusa, aka ce hanya ta lafa, mutane sun fara komawa sharar gona. Da hantsi sai ga shi a ƙofata da tsani a ka, yana haki, don ciwon ƙirji ya riga ya fara cinsa.

"Mai fenti, fito da burushinka. Lokacin kwalliya ya yi."

Na ɗaure hanci da ƙyalle, na wanke tsanin da sabulu har sau uku kafin man kaɗen shekaru ya fita. Na bi shi da sanfefa mai laushi, na cike wata 'yar tsaga da gam. Yana kan tabarma yana ba ni umarni a kan sana'ata. "Shafi uku za ka yi, kowanne ya kwana ya bushe. Kada ka yi min aikin kwangila!"

Shafi na farko ya duba ya ce ba laifi. Na biyu daga kan gado ya tambaya, "Ya bushe?" Na uku ni kaɗai na yi shi, bayan sadakar bakwai, kuma da ƙyar nake ganin bakin burushin.

Ni na kai tsanin gida. Na jingina shi a bangon ɗakin Yaya, wanda rabin rufinsa ya tafi. Tsohon maƙwabcinmu Istifanus ya zo yi min gaisuwa, ya tsaya nesa da tsanin yadda ya saba, sannan ya matso ya shafa shi da bayan hannu.

"Ai wannan ba na Ɗanjuma ba ne."

Na ce nasa ne. Ya yi kwalliyar dawowa gida, mai shi ne bai samu zuwa ba.

Wallahi ina kewarka, Yaya. Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya sauke ka a gidan da ba a gudu daga cikinsa. Amin.