Cha'ibu Ba Ya Tafiya Sai Ya Kashe Ya Kunna

Da an sallame asuba Cha'ibu yake ɗaure jakar kayan aiki a bayan moto, ya bar Tasawa, ya nufi duk ƙauyen da aka ce rezo, wato hanyar sadarwar na'urori, ya ƙi. Yanzu ido ya fara gazawa, ya ce zai aje aikin. To kafin ya aje, a ji wannan.

Shekarar da soji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, gero kuma ya bushe a tsaye, likitar wani ƙauye wajen Kanambakashe ta cika da yara masu tamowa. Ordinatar wurin, wato kwamfuta, ƙofar waya biyu gare ta: ɗaya ta na'urar awon jini, ɗaya mai aika wa Mayahi labarin yaran don a kawo abincinsu. Injin wuta ya ƙone ɗaya. Sabuwa kuwa babu.

Majo Zuhura, shugabar likitar, ta kira Cha'ibu ta ce ya zaɓa mata, awo ko abinci. Cha'ibu ya ƙi zaɓa. Ya ba ƙofar da ta rage adireshi biyu, kamar zaure guda na gida biyu, wanda aka yi wa sallama shi ke amsawa. Ya ga tana aiki, ya hau moto.

Ashe bai ajiye adireshi na biyun inda ordinatar za ta riƙe shi ba. Wuta ta ɗauke, ta dawo, adireshin ya ɓace. Awo na tafiya, don haka ba wanda ya lura saƙo ya daina isa Mayahi. Motar abinci ta wuce ƙauyen. Jikan Inna, mai sharar likitar, bai kai zuwan motar na gaba ba, ya rasu.

Wurin gaisuwa Majo ta so ta ɗora wa wuta laifi. Cha'ibu ya ce, "A'a Majo, wuta halinta ta yi. Ni ne ban gama aikina ba."

Tun ran nan ba ya barin wuri sai ya zare wayar wuta, ya mayar, ya kira Mayahi ya ji saƙo ya shiga. Har ba'a ake mashi.

Cha'ibu, na yi yawon duniya, na ga masu gyara iri-iri. Kai ne aka buɗe wa hanyar tsira ka ƙi bi. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku gwada aikinku kamar shi kafin ku juya baya.

Inna tana nan tana shara. In ya zo, ita ke zare mashi wayar.