Ranar da muka ɗora jirgi a sikelin masara

Shekarun baya ina da wani aboki kafinta a Hunkuyi, mutumin kudancin Kaduna, wanda ya taɓa zama a Legas wajen masu gyaran jiragen ruwa. Da ya dawo sai ya ƙera wani irin jirgi da ba mu taɓa gani ba: ƙananan kwale-kwale guda biyu, rufaffu ta sama, ya haɗa su da katako, ya kafa doguwar sanda a tsakiya da tamfol da iska za ta riƙa turawa. Da rani muka gwada shi a dam, ya tafi lafiya lau, ni kuwa ina ƙanƙame da sandar ina salati.

Damina ta zo, ya ajiye shi a bayan shago. Bayan kaka 'ya'yana mata biyu suka dame ni sai sun hau, shi ma ɗansa haka. Muka sa ranar Asabar.

Ana gobe ya ce sai mun auna jirgin tukuna. Wai ƙa'idarsa, kowane ɓangare nauyinsa ya zo daidai da ɗan'uwansa, duka biyun kuma kada su wuce buhun masara. Na yi ta dariya.

"Mutumina, sayar da shi za mu yi a kilo? Dubi yadda fentin ke sheƙi."

"Ka dai kama mini," in ji shi.

Muka kwance kwale-kwalen biyu, muka tura a amalanke zuwa wurin wani dattijo mai sikelin hatsi. Da muka gama gaisawa ya dubi kayan ya ce, "Yau kuma me kuka nomo?"

Na dama bai kai rabin buhu ba. Abokina ya gyaɗa kai. Da muka zo ɗaga na hagu, sai da bayana ya amsa. Allurar sikeli ta wuce inda na farko ya tsaya, ta ci gaba da tafiya har ta kusa ninkawa. Abokina ya matso kusa. Ya durƙusa yana ƙwanƙwasa gefen, sannan ya danna da babban yatsa. Yatsan ya shige.

Da ya ɓalle wurin da guduma, jar ƙasa ce ta zubo, gara na ta warwatsuwa. Ta cinye katakon daga ciki, ta cike gurbin da laka. Fenti ne kawai ke riƙe da siffar jirgin.

Dattijon ya ce, "Su wa za su hau wannan?"

'Ya'yana ne za su hau. Babu wadda ta iya ruwa a cikinsu, ni ma ban iya ba. Na zauna a kan buhun wani. Abokina kuwa yana tsugune har lokacin, hannunsa cike da ƙasa, yana cewa, "A gefen nan na ce ɗana zai zauna."

Da na koma gida na ce an fasa, ƙaramar ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo. Na zuba mata ido tana ta fushinta, ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Yanzu ta girma, ta ma manta da zancen. Ni ne ban manta ba. Wani lokaci tana cikin ba ni labarin makaranta sai in tsinci kaina ina kallonta kawai, har ta ce, "Baba, lafiya?" Sai in ce lafiya lau, ci gaba.