Tsoffin Tayoyin da Na Bar wa Mai Faci

Ƙanena ne ya kawo mini tayoyin daga Kano, guda huɗu, a farkon damina. Ya daɗe yana yi mini faɗa a kan tsoffin, don zanensu ya cinye, sun koma sumul kamar bayan ƙwarya. Ya ce waɗannan na kowane yanayi ne, suna riƙe kwalta ko da ruwa a kwance, har a kan ƙanƙara ana tafiya da su. Na tambaye shi ko zafin bazara yana cikin yanayin da aka yi su dominsa, tunda mu ba mu da ƙanƙarar da mota za ta hau.

"Yaya, ka sa kawai," in ji shi. "Kai ko lemo aka ba ka sai ka tambayi wa ya shuka."

Na kai motar wurin mai faci kusa da tashar Gwarzo. A wurinmu, in an canza maka taya, tsohuwar takan zama ta mai faci. Ba ya roƙa, kai ma ba ka ɗauka. Da ya gama ɗaure ta ƙarshe, na nuna tsoffin na ce na bar masa. Ya yi godiya, na kama hanyar gida.

Ina tafe ina jin daɗin yadda motar ta daina rawa, sai na tuna abin da na gani a bayan rumfarsa. Wani mutum ne zaune da wuƙa a cikin garwashi, yana yanka sabon zane a jikin tayar da ta suɗe. Na kuma tuna wani direban haya da ya tsaya yana danna ɗaya daga cikin nawa da ƙafa. Tayar da ban yarda ta ɗauki iyalina ba, ita ce za ta ɗauki matan wasu da 'ya'yansu zuwa kasuwar Getso. In ta fashe, alhakin wa? Amma kuma kyauta ce na yi da bakina, tun muna yara ake tsorata mu da karɓe kyauta.

Bayan sallar la'asar na tari limamin unguwarmu. Ya ce abin da ya bar hannuna ya bar wuyana. Har na miƙe, sai ya ƙara da cewa, sai dai in na san cutarwa za a yi da shi. Na ce to ai ban sani ba, zato nake. Ya ce to. Na fito ban san wanne zan riƙe ba.

Washegari na koma. Biyu suna nan, na roƙi mai faci ya ba masu yin guga da takalmi, ya yarda yana dariya. Sauran biyun kuwa, ya ce direban hayar nan ne ya ɗauka, yana lodi a tashar Kabo.

Na bi shi can, na same shi yana shan shayi. Muka gaisa, na tambayi gida da hanya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Tayoyina suna ƙafafun gaban motarsa, an yi musu sabon zane har sun fi kyau da lokacin da suke wurina.

"Baba, tun daga Gwarzo ka biyo taya?" ya ce. "Zo ka ga waɗanda na cire."

Ya buɗe but ɗin motar. Wayoyi sun fito a jikinsu kamar gashin bushiya, ɗaya ma ta yi ƙulu a gefe.

"In ka karɓi naka, waɗannan zan mayar. Ga fasinja sun cika. Zaɓi wanda ka fi so su hau."

Na tsaya ina kallon wata tsohuwa a kujerar gaba da kwaryar nono a cinyarta. Na zo raba ta da tayoyina, ga shi nawa ne masu dama-dama. Abin da ya zo mini kawai shi ne in roƙe shi ya mayar da su baya, ya kawo na baya da suka fi su ƙwari zuwa gaba, don na sha jin cewa fashewar tayar gaba ce ke kifar da mota. Ya yi tsaki, ya ce ni na fi 'yan duba motoci fitina, amma ya sa jak. Fasinjoji suka sauko suna harara ta. Ban tafi ba sai da na ga ya ɗaure kowane noti.

A hanya na kira ƙanena na ba shi labari, ina jiran ya ce na kyauta. Sai ya ce shi an gaya masa masu ƙwari ake sawa a baya, don in ta baya ta fashe ba a iya riƙe sitiyari. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya ce ya manta.

Na gangara gefen titi na kashe motar. Ta direban ta riga ta yi nisa wajen Gude, ban ko karɓi lambarsa ba. Na daɗe a zaune ban yanke ko in juya ba.