Libarbar da Aka Tsinta a Rumbun Babana

Jiya jikata ta danna kwaɗon shagonta, ya yi ƙas, sai na ji gabana ya faɗi ba gaira ba dalili. Sai da na zauna na nutsu na tuna inda na san wannan ƙarar. A maƙerar kakana na ji ta, ina 'yar shekara tara ko goma, Turawa na mulki.

A wani ƙauye na tashi yamma da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, hayaƙin murhun wannan gida ya shiga wancan. Babana tsohon soja ne. Ya je yaƙi ƙetaren teku yana yi wa wani hafsa hidima, ya dawo ya kama fartanya, bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Ya rasu ana tsakiyar cirar gyaɗa, ya bar ni da Inna da ƙanena na goye.

Bayan sadakar arba'in aka zo rabon gado. Baffa, ƙanen babana, ya shiga rumbu zai fito da dammunan gero, ya ci karo da wata tukunya a can ƙasa. A ciki akwai tsumma mai maiƙo, a cikin tsumman kuma ga ƙaramar bindiga, baƙa, mai nauyi.

Ka sani, a wancan zamani wanda aka kama da bindigar Turawa ba takarda ɗauri ne ya hau shi. Baffa ya so a jefa ta tsohuwar rijiya. Liman ya ce a'a, dukiyar marayu ce, ba a raba gado sai an san darajar komai. Sai Baffa ya kirawo wani dillalin tsofaffin kaya a asirce. Mutumin ya jujjuya ta ya taɓe baki.

“Mataccen ƙarfe ne,” in ji shi. “Don zumunci zan raba ku da ita. Ku karɓi kuɗin akuya.”

Inna na takaba, tana bayan zana tana ji. Ta ce, “A kai wa Baba ya gani tukuna,” tana nufin mahaifinta. Tun da ba ta fita, ni ta tura tare da Baffa, ta ce hakkina ne, in buɗe kunne.

Kakana, mahaifin Inna, maƙeri ne, kuma duk bindigar maharban yankinmu ta hannunsa take bi. Muka same shi da hantsi, maƙera na ƙaurin gawayi, ya tara laujuna zai wasa. Ya wanke hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi don ƙarfe ba. Ya ce sunanta libarba. Ya tura wani ɗan ƙarfe da babban yatsa, sai ga bindiga ta karye biyu, gidan harsashi ya bayyana da ramuka shida, duk ba komai ciki. Ya tara farin ƙyalle a bakinta ya leƙa ta baya, ya sa ni ma na leƙa. Na ga zane a murɗe kamar igiya, ba tsatsa ko ɗigo. Ya nuna mana tambarin hular sarkin Ingila a gefe, da zoben da ke gindinta inda ake ɗaura igiya a rataya a wuya. Ya ce ta hafsa ce, kuma ta girmi babana, don irinta ya gani a ƙugun Turawan farko yana saurayi.

Sai ya mayar da ita, ya ja kunama. Ƙas. Ya sake ja. Ya kawo ta kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa.

“An goge tsinin da ke saran harsashi,” ya ce. “Kuma ba da magagarinmu ba. Namu kaushi yake bari, wannan sumul yake. Mai ita ne ya kashe ta kafin ya bayar. Ɓarawo ba ya lalata abin da ya sata. Kyauta aka yi wa surukina.”

Baffa ya ce to ai dillali ya yi gaskiya ke nan, matacciya ce.

“A wajen maharbi ba ta kai akuya ba,” in ji kakana. “Amma ka taɓa ganin dillali ya taka har ƙauye don abin da ba shi da mai saye?”

Kakana bai yarda a ɓoye ta ba. Ya naɗe ta ya kai wa dagaci, dagaci ya kai gaban hakimi, aka ajiye ta har Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi. Kwanakin nan Inna ba ta iya cin abinci sosai. Ranar da ya zo, kakana ya sa rigarsa ta Juma'a, ya maimaita bayaninsa ta bakin tafinta. Baturen ya duba tsinin, ya karanta wasu haruffa da ke jikin mariƙin, ya ce babu laifi a kan kowa, amma ba za ta koma ƙauye ba, shi zai saya. Ya tambayi kuɗinta. Kakana ya ce, “Karsana mai ciki.” Aka ce Baturen ya yi dariya, ya nemi ragi, tsohon ya ce shi bai zo ciniki ba, abin da ya gani ya faɗa. Kafin a gama sussukar gero aka ɗaure jar karsana a gidanmu. Nononta muka sha muka girma, kuma ɗan maraƙinta aka sayar aka kai ƙanena karatu birni.

Yanzu maƙerar ta zama shagon cajin waya. Jikokina in sun tsinci tsohon abu hotonsa suke ɗauka, waya ta gaya musu kuɗinsa, ban kuwa raina wannan ba. Abin da ke tsaya mini a rai daban ne. A da, bindiga ɗaya wadda ko tashi ba ta yi ta girgiza ƙauye guda, har ta kai gaban hakimi. Bana wata ƙawata ta baro garinsu da jikokinta saboda masu bindiga. Na tambaye ta wace iri suke riƙewa. Ta ce, “Hajiya, wa ya tsaya dubawa?”