Abin da diga ta tono a filin Mahfuzu

Mahfuzu mutumin Tama ne, amma shekara ashirin da biyu ya yi a Abijan yana gyaran birkin manyan motoci. Da gwiwa ta fara ba shi wahala sai ya tattara ya dawo gida. Ya tarar gidan ubansa ya cika da ƙannensa da iyalansu, sai ya shiga neman inda zai yi nasa.

A kan tudun gabas da gari ya samu fili. In mutum ya tsaya can, kwarin duka yana ƙarƙashinsa, garaken albasa kore shar, ga jajayen duwatsu a ƙetare. Alƙasim mai filin ya ce gado ne, tsakuwa ce ta hana a noma shi. Aka yi ciniki gaban maigari, aka yi takarda. Wata uku Mahfuzu yana hawa can kowace la'asar, ya shimfiɗa tabarma, ya dafa shayinsa.

Ranar da aka fara haƙa tushen gini, da hantsi, Gado magini ya ajiye diga ya yafito Mahfuzu da hannu. A cikin ramin akwai haƙarƙari, ga ƙoƙon kai a kwance yana fuskantar gabas.

"Maigida, wanga ba ƙashin bisa ba ne, na mutum ne," in ji Gado.

Mahfuzu ya leƙa ramin. Jandarma ya fara tunawa, da yadda za su tambaye shi wa ya kashe. Da Gado ya nuna masa wasu duwatsu a jere, nan da can, waɗanda da ya ɗauka ruwa ne ya tara su, sai tsoron ya koma wani iri. A kan mutane yake zama wata uku. A kansu ya zubar da ganyen shayi, a bayan ɗaya daga duwatsun nan yake kama ruwa.

Ya sauka gari, ya nufi wurin Alƙasim. Alƙasim ya rantse bai sani ba, amma bai ɗaga ido ba. Hindatu matar Mahfuzu ta ce ko an gina gidan da zinariya ba za ta taka tudun ba. Kwana uku tuwo bai wuce wa Mahfuzu ba. In ya ji ƙarar mota sai ya miƙe tsaye, in ya tada salla sai raka'o'i su rikice masa.

Liman ne ya tura shi wurin Inna Saude, wadda ta fi kowa tsufa a garin. Ya durƙusa ya gaya mata. Ta ce shekarar agana ce, tana yarinya. Wanda ciwon ya kama, can ake kai shi a yi masa bukka, in ya cika a rufe shi nan. Da abin ya wuce, mutane suka daina zancen.

"Suna da yawa, Inna?"

"Na ƙirga sha huɗu kafin uwata ta hana ni kallo. Yayata Nasiba tana ciki, ɗana."

Maigari ya sanar da hukuma. Jandarma biyu suka zo, suka duba, suka yi rubutu, suka tafi ba su ce da Mahfuzu komai ba. Aka mayar da ƙasa, aka yi addu'a. Mahfuzu ya sa Gado ya kewaye wurin da duwatsun da aka tara don gini, shi kuwa ya karɓi wani ɗan fili a bakin hanyar kasuwa da Alƙasim ya ba shi a madadi.

Da aka gama katangar, Inna Saude ta aika a kai ta. Mahfuzu ya hau da ita a amalanken jaki, shi ya tsaya daga waje, ya kasa shiga. Ta zagaya da sandarta, ta tsaya kan wani jeren duwatsu, ta matsa kan wani. Daga nan ta ce ba ta iya gane kabarin Nasiba, a mayar da ita gida.