Tankin Da Ya Ci Wurin Gado

Yayata tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa a gidan haya, ciki da falo. Keken ɗinki da teburin yanka sun cinye falon, cikin kuma gadonta ne da na ɗanta tilo, wanda muke kira Dogo. Da Dogo ya samu aiki a nesa, ya bar mata ɗan mitsitsin kunkurun ruwa, bai fi murfin kwalba ba, a cikin tankin gilashi mai ɗan injin tace ruwa. Ya ce ta riƙe masa kafin ya dawo.

Shekaru suka ja, Dogo bai dawo ba, kunkuru kuwa sai girma yake. Mai shagon da ya sayar da shi ya taɓa ce wa Yaya wai kunkuru ba ya wuce girman tankinsa, ita kuma ta riƙe maganar gam, don tana so yaron ya tarar da abinsa yadda ya bar shi. Na sha gaya mata zancen 'yan kasuwa ne, amma Yaya akwai kafiya. Kunkuru ya kai faɗin faranti, in zai juya sai ya daki gilashi, ita tana cewa wasa yake.

Injin ma na ƙananan kifaye ne, shi kuwa gogan naka yagar abinci yake, ya yi kashi a ruwan da yake kwana. In ta canja ruwa da safe, kafin yamma ya gurɓace. Ƙarni ya kama gidan, har wata mata ta dawo da rigunan 'ya'yanta wai suna warin kududdufi. Ranar na ji wa Yaya kunya, na kuma ji haushinta.

Sai idanun kunkurun suka kumbura, ya daina ci, ƙoƙon bayansa ya fara laushi. Muka kai shi wurin likitar dabbobi a bokiti. Ta ba da magani, ta ce aikin banza ne in ya koma wancan ruwan. Yana bukatar tanki mai tsawon jikinsa sau biyar, da zurfin da zai iya juyawa in ya kife, da busasshen wuri a ƙarƙashin fitila, injin kuma a sayi wanda aka yi don tankin da ya ninka nasa.

Muna dawowa Yaya ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta, ta bi gidan bango bango. Falo babu wuri, sai in ta bar sana'a. Bango ɗaya ne ya isa, inda gadon Dogo yake, gadon da take canja wa zanin gado duk mako ba mai kwana a kai. Ta auna, ta sake aunawa, kamar awon zai canja. Na ce ta bayar da dabbar kawai ta huta.

"Amana ce," in ji ta. "In ya zo ya tambaye ni, in ce masa me?"

"In ya zo kuma babu gado fa, Yaya?"

Washegari ta kira kafinta ya kwance gadon, aka jingina katakan a bayan ƙofa. Sabon tanki ya shigo, kunkuru ya miƙe ƙafafu ya yi ninƙaya, kafin wani lokaci ya soma cin abinci.

Sannan ta kira Dogo a waya, ina zaune. Ta ba shi haƙuri, ta ce dole ce ta sa ta cire gadonsa. Na san so take ya yi faɗa, ya tambayi inda zai kwana. Wayar tana kan tebur, na ji shi yana dariya.

"Au, har yanzu kunkurun yana da rai? Kin kyauta, Mama, da ma gadon ya tare miki ɗaki."

Ta ce to, Allah ya yi masa albarka, ta kashe wayar. Ta daɗe tana kallon katakan, sannan ta tambaye ni ko na san wanda yake bukatar gado.