Wankin Dogo Mai Hoto

Duk wanda ya ce maka Dogo mai hoto mutumin kirki ne, to bai zauna Cadawa ba. Ni na zauna, kuma wallahi ban yafe ba.

Dogo ya koyi sana'a wajen wani Nasara da ke yawon ƙauyuka zamanin mulkin mallaka, yana tsai da mutane gaban labule mai zanen dabino. Da Nasaran zai tafi, ya bar masa akwatin ɗauka da gilasan tsoffin hotuna. Da su ya buɗe shago a bakin kasuwa, ya tsufa yana gyara wa mutane zaman hula, hannunsa kullum warin maganin wankin hoto.

Cikin gilasan nan akwai innarmu, Shatu, tana budurwa. Dogarin kwamandan da ke mulkin yankin ne ya tare ta a hanyar rijiya, aka ɗora mata tulu, aka sauke mata zane zuwa ƙugu, aka ɗauka. Ba mu taɓa sani ba sai bayan taron ƙasa, da jam'iyyu suka fito, yayana Musbahu ya shiga yi wa tasa kamfe. Dogo kuwa ɗan ɗaya ɓangaren ne. Ranar kasuwa sai ga hoton inna manne a ƙofar shagonsa, 'yan tasha na ƙyaƙyata dariya. Tsohuwa mai jikoki, wadda ta je Makka!

Musbahu ya yage hoton, jandarma suka kulle shi. Inna ta yafa mayafi ta tafi wajen Dogo da kanta, ina biye da ita. Har rusunawa ta yi wa wannan la'ananne.

Ta ce, "Malam Dogo, kana wurin ran nan, ka ga ina kuka. Faɗa wa mutane tilas aka yi mini. Ka wanke ni, don Allah."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya yi murmushi. "Haba Hajiya, ai wanki sana'ata ce. Zan wanke ki tas."

Baiwar Allah ta dawo tana sa masa albarka, har fura ta aika masa. Mako na zagayowa ya cika alkawari irin nasa. Ya wanko hoton tuli guda, aka yi ta rabo har garin Gazawa kamar goron biki.

Inna ba ta sake taka ƙofar gida ba, sai da aka fitar da ita a makara. Dogo yana nan, ya makance, da sanda yake laluben hanyar masallaci. In ya yi sallama ba na amsawa.